Zoɓonmu a Bakin Tekun Fasifik

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina harkar zoɓo. Ina saye a hannun dillalai a Maigatari da Gumel da Ɓaɓura, a kawo mini sito a Dawanau, mata su tsince su sheƙe, a ɗura a buhu, tirela ta kwasa zuwa Legas, daga nan kwantena ta hau jirgin ruwa. A takarda na san inda kayan ke zuwa, ƙasar Meksiko. Amma da za ka tsare ni ka ce wa ke shan sa, da me yake haɗawa, a wane irin kofi, da sai dai in yi shiru. Sikeli na sani, da farashi, da ranar da kuɗi za su shigo.

A watan Janairu mutumin da ya fi kowa sayen kayana ya gayyace ni in je mu ga juna. Na bi ta Istanbul na sauka a birnin Meksiko, muka kwashe kwana huɗu muna zagaya rumbunan ajiya a Central de Abasto, babbar kasuwarsu ta sari, wadda sai da mota ake iya karaɗe ta. Ciniki ya yi kyau. Cikina ne bai ji daɗi ba. Duk lungun da na leƙa naman alade ne ke juyawa a jikin ƙarfe ko yana tafasa a cikin kitsensa, don haka na tsaya a kan burodi da ayaba da dafaffen ƙwai da shayi. Ran na huɗu mutumin ya dube ni ya ce ba zai bari in koma gida in ce ƙasarsu ba abinci ba. Ya ce in tafi bakin teku, can kifi ne sarki. Ya yagi takarda ya rubuta mini layi ɗaya da Sifaniyanci: "No como puerco, ni manteca, ni nada con alcohol." Wato ba na cin alade, ko kitsensa, ko wani abu mai giya. Na naɗe ta na sa a aljihun gaba.

Na hau bas zuwa birnin Oaxaca, wanda su suke kira Wahaka, na kwana, da safe na shiga wata motar zuwa Puerto Escondido. Sabuwar hanya ce da aka buɗe a watan Fabrairun 2024. Kafin ita mutane kan shafe awa shida ko bakwai suna kewaya duwatsu, yanzu kusan awa uku ne. Muka bar sanyin kan tudu muna ta gangarawa, har na cire rigar sanyi, iska ta yi nauyi da laima kamar ta Legas, sai ga bishiyoyin kwakwa da mangwaro, sai ga ruwa shuɗi ya tare gabanmu ba iyaka.

Sunan garin na nufin ɓoyayyar tashar jirgin ruwa, kuma asalinsa wurin lodin gahawa ne da ake saukowa da ita daga duwatsu. Yau babban titin da ya ratsa shi ya raba shi biyu. Sama da titi ’yan gari ne da kasuwarsu da shagunansu. Ƙasa da titi kuwa baƙi ne daga ko’ina a duniya, yawancinsu sun zo hawan igiyar ruwa a gaɓar Zicatela, inda ruwa ke tasowa kamar katanga ya kife da ƙarar da za ka ji ta har cikin ɗaki. Na kama masauki a saman titi, don a nan na ga hayaƙin murhu.

Daren farko yunwa ta fitar da ni bayan isha’i. A wata kwana na tarar da dattijuwa da ’yarta a gaban murhun gawayi, mutane sun kewaye su a kan kujerun roba. Abin da suke yi sunansa tlayuda: faifan masara ne siriri mai faɗi, ya kai faifan rufe ƙwarya, a shafa masa wake, a zuba cuku da kabeji, a ninke biyu a gasa a kan garwashi. Na ga ba dole sai da nama ba, raina ya yi fari. Na ɗaga yatsa ɗaya na ce ba nama. Dattijuwar ta ɗauki faifan, ta tsoma cokali a wani ɗan kwano, ta fara shafa masa wani abu mai ruwan ƙasa kamar tunkuza. Gabana ya faɗi. Na zaro takardata na miƙa.

Ta nisanta takardar daga idonta tana ƙoƙarin karantawa, sannan ta ba ’yar. Yarinyar ta karanta a fili. Uwar ta nuna kwanon ta ce wannan ai ba nama ba ne, asiento ne. ’Yar ta ce, “Mama, kitse ne mana, shi ma yana ciki.” Daga baya na fahimci cewa asiento shi ne abin da ke kwantawa a gindin tukunya bayan an soya alade, kuma shi ne farkon abin da ake shafa wa kowace tlayuda. A wurinsu ya zama kamar gishiri, ba a ma lissafa shi.

Dattijuwar ta ajiye wancan faifan gefe. Ta dube ni sosai, ta yi magana, yarinyar ta buga mini a waya na karanta: “Rashin lafiya ne ko addini?” Na ce addini ne, senyora. Ta gyaɗa kai, ta ce su ma idan lokacin azuminsu ya zo ba sa cin nama ranar Juma’a. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Ta wanke hannu, ta ture kwanon markaɗaɗɗen waken da take amfani da shi, don shi ma da kitsen aka soya, ta aiki yarinyar cikin gida ta ɗauko tukunyar baƙin wake da aka dafa da ruwa da albasa da ganye kawai. Ta ɗauko wani kaskon ƙasa daban ta ɗora a wuta. Ta dagargaza waken da bayan cokali, ta yayyaga cukunsu mai zare-zare da suke kira quesillo, ta yanka fiya da tumatir. Mutane biyar na jira a bayana, ba wanda ya yi tsaki.

Na ce bismillah na gutsura. Gefen ya yi ƙaras-ƙaras, tsakiyar da taushi, ga ƙamshin hayaƙi, ga cukun yana jan zare. Rabona da abinci mai zafi kwana shida. Ban san lokacin da na cinye ba. Wani mutum da ya tashi zai tafi ya ratsa ta gabana ya ce “provecho”, na ɗauka sanina ya yi. Ashe al’ada ce, duk wanda ya wuce mai cin abinci sai ya yi masa fatan ya ci lafiya, ko bai taɓa ganinsa ba.

Bambancin lokacinmu da nasu awa bakwai ne, don haka barci ya ƙi ni tun kafin asuba. Na yi salla na fuskanci arewa maso gabas, na gangara gaɓar da suke kira Playa Principal, inda masunta ke dawowa. Kwale-kwalensu masu inji sukan taho da gudu su haye kan yashi, samari su ruga su tura su sama. Mata na tsaye da robobi da wuƙaƙe, manyan tsuntsaye masu jakar wuya na jira a gefe a jefa musu kayan ciki. Ni da na tashi da tarwaɗa da karfasa da bandar Baga, sai na zama ɗan kallo. Ga dorado mai goshi a tsaye, jikinsa kore da ruwan zinare, tsawonsa ya kai ƙirjin yaro. Ga tuna kamar an zuba ta da dalma. Ga wani ja mai manyan idanu, huachinango, wanda kowa ke rububi. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne, saboda haka na tsaya a wurin nan ina jin kamar an kwance mini dabaibayi.

Da rana na zauna a wata rumfar ganyen kwakwa, ƙafata cikin yashi, na nuna takardata, na nemi jan kifin nan. Mai rumfar ya ce zai yi mini shi a la talla, ya kuma yarda na bi shi bayan rumfa in gani. Ya tsaga kifin ta baya ya buɗe shi kamar littafi, ya barbaɗa gishiri, ya matse lemun tsami. Matarsa ta riga ta jiƙa busasshen barkono mai faɗi da ake kira guajillo, ta markaɗa shi da tafarnuwa da kayan ƙamshi ya zama jan kwaɓi mai kauri. Suka shafe cikin kifin da shi, suka matse shi tsakanin ragar ƙarfe biyu, suka ɗora a kan garwashi, ɓangaren fata a ƙasa. Ba gaggawa. Yana juyawa yana ƙara shafawa, man kifin na ɗiga wuta na tsartsatsi, har jan nan ya koma kalar hanta, gefe-gefe ya ɗan ƙone.

Aka kawo shi a faranti guda da shinkafa da yankakkiyar albasa, da kwandon tortiya, wato faifan masara mai taushi, a lulluɓe cikin tsumma don kada ta huce. Na tsaya neman cokali, sai na ga na kusa da ni ya yagi tortiya ya tsinci tsokar kifi da ita, ya ɗiga miyar barkono, ya naɗe ya kai baki. To ai wannan cin gida ne. Na naɗe hannun riga. Tsokar fara fat, tana rabewa fala-fala, barkonon bai da zafi sai ɗanɗano mai ɗan zaƙi da ɗaci kaɗan. Zafin yana cikin ɗan turmin dutse da aka ajiye a tsakiyar tebur, miyar chile costeño, barkonon yankin. Na tambaya ko tana da yaji, yaron ya ce kaɗan. Ta kusa kamo attaruhu, kuma ta dace da kifin nan kamar don shi aka halicce ta.

Ina cikin haka aka dire mini jug na gilashi, ƙanƙara na iyo a ciki, gumi na bin jikinsa. Ja wur. Tun kafin in kai baki na san ko mene ne. Yaron ya ce “agua de jamaica”, su kuma hamaika suke furtawa. Na kurɓa. Zoɓo ne, ba ko tantama, sai dai tsirararsa: ba citta, ba kanumfari, ba ɓawon abarba, ruwa ne da sukari kaɗan, tsaminsa a fili. Na waiga, kusan kowane tebur da irin jug ɗin nan. Ga iyali da kaka da jikoki, ga masunta biyu da suka gama aiki, ga wata mai goyo tana ba ɗanta a murfin kofi. Na tuna gonakin bayan Maigatari a watan Nuwamba, da yatsun matan da ke ɓare shi har su rine. Na daɗe riƙe da kofin ban sha na biyu ba. Na so a ce ɗaya daga cikin manoman nan yana zaune a kujerar da ke gabana.

Mu a gida zoɓo abin sha ne na biki da buɗe-baki da talla a ƙullin leda. Su kuwa abokin abinci ne na kullum, kuma na ga hikimar hakan, domin tsaminsa na wanke maiƙo da yaji daga baki, ka koma wa kifi kamar yanzu ka fara. Yawanci za ka gan shi a manyan tuluna na gilashi jere da ’yan uwansa biyu: ruwan tsamiya, da wani fari mai suna horchata na shinkafa da kirfa. A Sifaniya, inda sunan ya fito, da aya ake yin sa, kunun aya ke nan.

Washegari na nufi kasuwar Benito Juárez, mai sunan shugaban ƙasarsu na ƙarni na 19, ɗan ƙabilar Zapotek daga wannan jiha ta Oaxaca. Nan na fi daɗewa. Na ga mazarƙwaila an jera ta curi-curi, suna kiranta piloncillo, da ita suke dafa gahawa a tukunyar ƙasa da kirfa. Na ga riɗi da gyaɗa da tsamiya. Na ga wata mata da kwando cike da fara, an soya ta da tafarnuwa da lemun tsami da barkono, tana aunawa da ɗan gwangwani. Chapulines suke ce mata. Ta miƙo mini guda tana jiran in ja da baya kamar yadda baƙi ke yi. Na karɓa na tauna, na ce ta auna mini biyu. Tasu ƙanana ce, ta fi tamu tsami, tamu ta fi nama. Da na nuna mata hoton tiren fara a wayata, sai ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta zo ta gani.

A bayan kasuwar akwai injin markaɗe, mata sun yi layi da bokitai. Abin da ke cikin bokitin ya ja hankalina. Ba sa surfe masara kamar mu. Dafa ta suke yi da ruwan farar ƙasa, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke su kai inji, ta fito ƙullu mai danƙo da ake iya mulmulawa a fyaɗa a kasko. Suna kiran wannan nixtamal. Shi ke ba tortiya ƙamshinta, kuma yana sakin wani sinadari mai suna niyasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar, wanda rashinsa ke kawo ciwon fata da gudawa ga mutanen da masara ce kaɗai abincinsu. Masarar kanta ’yar nan ce. A kudancin Meksiko aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma a wani kogo mai suna Guilá Naquitz a wannan jiha aka tono totuwar da ta haura shekara 6,000. Masarar tuwonmu da barkonon miyarmu duk daga wannan nahiya suka je mana.

Sai na iso layin masu busassun kaya, na ga abin da na zo nema. Buhu biyu a buɗe, kowanne da kwalin farashi a soke. Ɗaya zoɓo ne mai haske, furensa ƙanana. Ɗayan mai duhu, ja har ya yi baƙi-baƙi. Na damƙi na biyun na shinshina. Ko cikin duhu aka ba ni na san shi. Mai shagon, wani dattijo mai hular kaba, ya ce wancan criolla ne, na gida, ana noma shi a nan gaɓar da maƙwabciyarsu jihar Guerrero. Wannan kuwa daga Afirka yake zuwa, daga Najeriya ko Sudan. Na ce masa daga Najeriyar nake, kuma wannan ce sana’ata.

Ya cire tabarau ya dube ni. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce namu ya fi araha kuma ya fi ba da kala, shi ya sa masu rumfunan abinci ke sayensa. Nasu ya fi ƙamshi da ɗanɗano, amma ya fi tsada, kuma manomansu na kuka cewa kayan waje sun karya musu kasuwa. Ƙaninsa ma ya rage noman. Maganar ta zauna mini a ƙirji, don na san abin da manomin Jigawa ke karɓa a kan buhu, kuma na san bai taka kara ya karya ba. Ga mutum biyu, teku a tsakaninsu, kowanne na tsugune yana ɓare fure ɗaya da hannu, kowanne na ganin bai ci moriyar wahalarsa ba. Ba ni da abin da zan ce wa dattijon, shi ma bai nemi in ce komai ba. Sai ya tura hannu can gindin buhun namu ya ɗebo, ya buɗe tafinsa a gabana. Yashi ne da ’yan tsakuwa da karmami. Ya ce, “Amigo, wannan ne kaɗai abin da matan nan ke ƙorafi a kai, sai sun wanke sau uku.” Na ji nauyi ƙwarai. Na sayi rabin kilo na criolla don in gwada da kaina, kuma gaskiyarsa ce, ya fi namu ƙamshi.

Akwai abubuwan da ban ci ba. Mole, baƙar miyar da jihar ke alfahari da ita, da tamal da ake naɗewa a ganyen ayaba kamar alala, duk inda na tambaya da kitsen alade aka yi. Tako na kifi mai suya, wato soyayyen kifi naɗe a tortiya, shi ma na bar shi, domin wasu da giya suke kwaɓa fulawar, sai na riƙa neman na gashi. Ceviche kuwa na gwada, ɗanyen kifi ne da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami har ya yi fari, a haɗa da albasa da tumatir. Tsaf yake, ba ƙarni, amma harshena bai karɓe shi ba.

Ran na huɗu na tafi Chacahua, yamma da garin, inda ake shiga kwale-kwale a ratsa tafki cikin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a ruwa. Mai tuƙa mu baƙi ne kamar ni, da na gan shi daga nesa na ɗauka wani kawuna ne na Haɗeja. Wannan gaɓa, Costa Chica, nan ne matattarar jikokin ’yan Afirka da aka kawo bauta zamanin mulkin Sifaniya. Sai a 2019 tsarin mulkin ƙasar ya ambace su da suna, kuma a ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan 2.5 suka ce su ’yan wannan tsatso ne. Da ya ji daga inda na fito, ya kashe inji a tsakiyar ruwa ya ba ni hannu, ya riƙe bai saki da wuri ba. A gidan yayarsa muka ci rana, romon kifi da jatan lande, ja da barkono, ana tsoma tortiya a ciki. Na biya kuɗin jirgi, na abinci kuwa suka ƙi karɓa.

Kowane dare ina komawa wurin dattijuwar nan. Tun daga dare na biyu ba na fito da takarda, da ta hango ni sai ta ce wa ’yar ta ɗauko kaskon. A daren ƙarshe na kai mata ragowar samfurin zoɓon da na zo da shi, da citta da kanumfari da na saya a kasuwa, na nuna mata yadda muke dafawa. Ta tafasa a ɗan tukunya a gefen garwashi, ta tace, ta kurɓa da zafinsa. Ta lumshe ido, ta ce wannan ai maganin mura ne, za ta ajiye wa jikokinta. Ta naɗe mini tlayuda biyu a takarda don hanya, ta ce Allah ya kai ni gida lafiya.

Da na dawo Dawanau na tara matan da ke mini tsinta, na nuna musu hoton jug ɗin nan a kan tebur, teku a bayansa. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wata ta ce, “Alhaji, su ma da citta suke sha?” Na ce a’a, haka nan suke sha, da kifi. Sannan na ba su labarin tafin hannun dattijon. A makon nan na sayo sababbin rariya guda ashirin da tamfol na shanya, na kuma ƙara musu kuɗin tsinta a kan kowane buhu.